Shahon da Malam Ya Kankare wa Kai

Tun ranar da ɗan yayana ya zo da motar a-kori-kura ya sauke keken nan daga bangon zaure, raina bai kwanta ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya in ce na huce ba. Na ji ana faɗa a unguwa wai tsufa ne ya taɓa ni, tunda ina rigima da ɗan ɗan'uwana a kan tsohon ƙarfe. Su yi ta faɗa. Yawancin masu maganar nan iyayensu ma ba su zo Kaduna ba lokacin da aka yi abin da aka yi a zauren nan, saboda haka ba su da bakin gaya mini abin da ya kamata in ji. Na san keke ne, na san ƙarfe ne da roba. Amma akwai abin da hannun mahaifina ya yi a jikinsa, kuma shi aka goge.

Unguwar Kawon da na tashi a cikinta ba wannan ba ce. Yanzu tun kafin liman ya sallame sallar asuba kake jin 'yan kamasho a tasha suna kiran Zariya da Kano da Katsina kamar ana yanka su, ga hon ɗin 'yan a-daidaita-sahu, ga janareton mai shago yana tari a kunnenka. A lokacinmu ƙarar da take fara tashin mutum ita ce gyaran muryar mahaifinmu, wanda kowa yake kira Malam, yana alwala a bakin rariya. Sai ɗalibansa su taru a zaure, manya masu gemu da matasa, kowa ya ja allonsa, karatu ya tashi kamar ƙudan zuma. Can cikin gida taɓaryar Inna tana amsawa. Idan iska ta juyo daga kudu kana iya jin jiniyar jirgin ƙasa, idan kuma rana ta ɗaga jiragen soja na Mando su fara shawagi. Amma abin da ya fi zauna mini a kunne shi ne ƙararrawar kekuna. Akawuna da masinjoji da malaman asibiti, duk a kan keke suke gangarawa ofisoshin cikin gari, kowa ya matse bakin wandonsa da maɗauri, suna tafe suna gaisawa. Mutum yana kan keke zai tambaye ka lafiyar gidanka ka amsa masa, ya ji amsar kafin ya wuce. Yau wa zai ji ka? Gilashi a rufe, fuska a murtuke, ya watsa maka ruwan kwata ya yi gaba.

Aikina a gidan nan ba ya ƙarewa. Ni ke wanke alluna in jingina su a rana, ni ke kankare baƙin tukunya in haɗa da ƙaro a dafa tawada, ni ke bin layin famfo da garwa, da la'asar kuma in tafi bakin rafi yankan ciyawar tumakin Inna. Zauren kuwa sau biyu nake share shi, domin Malam ba ya wasa da shi. Yakan ce zaure fuskar gida ne, abin da ya kwana a cikinsa shi ne shaidar masu gidan. Takalmi ba ya haye dokin ƙofarsa. Ko akuya ta leƙo sai an sake yayyafa ruwa an share. A cikin alkukin bango akwai gafakar Alƙur'aninsa, a ƙasa kuma buzunsa da ƙoƙon tawada da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho wadda yake fiƙe alƙaluma da ita. Mutum ne marar yawan magana, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Bai ma buƙata ba. Idan ya ɗago ido ya dube ka, sai ka fara lissafin abin da ka yi tun jiya.

Yayana shi ne ya fara fita daga wannan layin. Wani ƙanin Inna ne ya matsa aka sa shi boko, ya kuwa yi kai, ya gama ya sami aikin akawu a wani ofishin gwamnati. Dogo ne, mai son tsafta, mai baki. Tun yana yaro idan aka ce masa ɗaya sai ya kawo biyu, kuma bokon ya ƙara masa. Ba na cewa mugu ne. Yana saya wa Inna atamfa, ya taɓa saya mini takalmin roba. Amma mutum ne da yake ganin duk wanda bai san abin da ya sani ba to bai san komai ba, kuma wannan halin da shi ya shiga kabari.

Wata rana da yamma sai ga shi ya turo wani keke wanda ba mu taɓa ganin irinsa a unguwa ba. A hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu ya saye shi. Ba irin kekunan ma'aikata ba ne masu nauyi da kariya a baya. Keken tsere ne, kore mai duhu kamar ganyen mangwaro bayan ruwa, tayarsa siririya kamar yatsa, kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago. Ba kariya, ba madigadi, ba murfin sarƙa, da hannu ɗaya kake ɗaga shi. A sandar da ta gangara zuwa feda an rubuta sunan kamfanin da ruwan zinariya, a sandar da ke ƙarƙashin sirdi kuma akwai tambarinsu: shaho ya buɗe fukafukai, ya juyar da kai gefe, bakinsa a lanƙwashe, idonsa ja. Ba zan ɓoye ba, keken nan ya tafi da hankalina. Idan aka juya fedarsa baya yana wata 'yar ƙara, tik-tik-tik, wadda har yau idan na rufe ido nake jinta. Ranar Lahadi Yaya yakan fita da abokansa kan hanyar Zariya su yi tsere, ya dawo jiƙe da gumi yana ba da labarin wanda ya bari a baya. Bai taɓa ba ni na hau ba, ko sau ɗaya. Gogewa dai ni ke yi.

Da yake cikin gida ƙasa ce da tumaki, a zaure Yaya yake jingine shi. Malam bai ce komai ba sai da ya gama kallonsa da kyau. Wata safiya bayan an tashi karatu ya nuna sandar da alƙalami.

Ya ce, "Wannan tsuntsun fa?"

Yaya ya ce, "Tambarin kamfani ne, Baba."

"Na ga tambari ne. Yana da ido ko ba shi da ido?"



Malam ya ƙara da cewa, "Surar abu mai rai ba za ta kwana inda ake ajiye Alƙur'ani ba. Ko ka cire ta, ko ka nema wa kekenka wani makwanci. Ban hana ka hawa ba."

Abin da aka ce masa ke nan, ba ƙari. Yau akwai malamai da za su ce a yi sassauci, akwai masu cewa a'a, ni ba alƙalin wannan ba ne. Abin da na sani shi ne zauren na Malam ne, kuma ɗa ba ya gardama da ubansa a kan inda za a jingina keke. Amma Yaya ya yi kunnen uwar shegu. Aka kwana, aka tashi, keke yana nan, shaho yana kallon masu karatu da jan idonsa. Har ranar wata Laraba, lokacin da iyayen yara suke kawo wa Malam ɗan abin sadakarsu, zaure cike da ɗalibai, Malam ya sake yi masa maganar a hankali. Yaya yana ɗaure igiyar takalminsa a bakin ƙofa, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya ce, "Baba, kuɗin Larabar da ke ƙarƙashin buzunka ma ai akwai kan mutum a jikinsu. Su ba su hana mala'iku shiga ba, sai tsuntsuna?"

Karatu ya tsaya cak. Na ga wani dattijon ɗalibi ya sunkuyar da kai kamar shi aka zaga.  Malam ya tsoma alƙalami a tawada ya ci gaba da rubutun da yake yi, Yaya kuma ya hau kekensa ya tafi ofis yana ganin ya yi nasara. Irin wannan nasarar ce 'yan boko suke so, a rufe wa babba baki a gaban jama'a. Ni kuwa ranar nan ko abincin rana ban iya ci ba.

Bayan 'yan kwanaki aka tashi da ruwan sama. Yaya ba ya fitar da keken nan cikin ruwa, saboda babu madigadi zai ɓata masa farar riga, sai ya ɗauki laima ya tafi neman mota. Da hantsi, bayan ɗalibai sun watse, Malam ya kira ni.

Ya ce, "Riƙe mini nan."

Na riƙe sirdi da hannu ɗaya, kan keken da ɗaya hannun. Ya durƙusa, ya ɗauko wuƙar fiƙe alƙalami, ya fara kankarewa. A hankali yake yi, yadda yake fiƙe alƙalami, ba da fushi ba. Ina kallon ɓarɓashin zinariya da ja yana zuba a kan tabarma, ruwa yana dukan kwano a samanmu. Ya fara da ido, ya bi baki, ya gangaro zuwa wuya, sai ya tsaya. Bai taɓa fukafukan ba, bai taɓa rubutun kamfanin ba. Wurin da ya kankare bai fi faɗin babban yatsa ba, farin ƙarfe ya bayyana a ciki. Ya ce in babu kai ya zama kamar itace, babu laifi ya kwana. Sannan ya aike ni wurin Inna na karɓo man gyaɗa a murfin kwalba, ya dangwala da yatsa ya shafe wurin don kada ya yi tsatsa. Wannan shafa man ita ce ban taɓa mantawa ba. Wanda yake son ɓata abu ba ya shafa masa mai.

Da la'asar Yaya ya dawo. Idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan sandar. Ina tsugune ina jera alluna, ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Wa ya taɓa mini keke?"

Na ce, "Malam ne ya ce in riƙe."

Ban rufe baki ba ya ɗauke ni da mari, har kunnena ya yi ƙara. Ya ce mini munafuki, ya ce baƙin ciki nake yi masa tun ranar da ya sayo shi. Har gobe ba na ganin na yi laifi. Uba ya ce riƙe, ɗa ya riƙe, da za a sake da na sake riƙewa. Muna cikin haka Malam ya ɗaga asabarin ƙofar cikin gida ya fito.

Ya ce, "Ni na yi. In mari ne, ga ni."

Yaya ya tsaya yana huci. Ya shiga ɗakinsa ya haɗa kayansa a jaka, ya rataya, ya turo keken ya fita da shi. Inna ta biyo shi har bakin zaure, inda ba ta saba tsayawa ba, tana cewa ko tuwo ba zai tsaya ya ci ba. Bai waiwayo ba. Ya kama ɗaki a cikin gari wurin abokan aikinsa, kuma bai sake kwana a gidan nan ba muddin Malam yana raye. A kan kan tsuntsu. Inna ta daɗe tana zuba masa tuwo a kwanonsa tana rufewa, da safe ni ake ɗumama wa. Da sallah yakan zo gaisuwa, ya jingine keken a waje jikin katanga, ya durƙusa daga nesa, Malam ya amsa masa kamar yadda yake amsa wa kowa. Dattawan unguwa sun yi ta shiga tsakani suna cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, amma ba wanda ya sauko. Ko ranar da Malam ya rasu, an aika masa tun da safe, sai da muka dawo daga maƙabarta muna karkaɗe ƙasar ƙafarmu sannan na hango shi ya shawo kwana a kan keken nan. Ya ce saƙon bai same shi da wuri ba. 

Shekaru suka ja. Yaya ya yi aure, ya sayi babur, daga baya ya sayi mota, ya gina gida a Mando. Ni ma na yi aikin gwamnati na ɗan abin da ya samu, na zauna a gidan Malam da iyalina. Wata rana sai ga Yaya ya kawo keken a bayan mota. Ya shigo da shi zaure da kansa, ya nemi ƙusa ya kafa, ya rataye shi a bango, ya sha ruwa ya tafi. Bai ce mini ga dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Na duba sandar, shahon yana nan ba kai, yadda Malam ya bar shi. A duk shekarun da ya yi da keken nan, ga masu fenti ko'ina a Kaduna, ga hali yana da shi, bai sa an gyara wurin ba. Ban sani ba ko tuba ce, ko kuwa matarsa ce ta gaji da shi a ɗaki. Na ɗauke ta a matsayin tuba, domin ita kaɗai ya bar mana. Daga ranar ni ke sauke shi lokaci-lokaci in goge, in ɗiga wa sarƙa mai, in shafa wa wurin nan man gyaɗa. Koren ya koɗe, rubutun zinariyar ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, amma wurin wuƙar bai taɓa yin tsatsa ba.

Bayan rasuwar Yaya aka raba gado, ba wanda ya tuna da keke. Sai kwanan baya babban ɗansa ya zo. Abba muke ce masa, domin sunan Malam ya ci. Ma'aikaci ne shi ma, kuma ya shiga cikin matasan nan da suke fita ranar Asabar a kan kekuna masu tsada, sanye da kaya matsattsu da hular kwano, kamar an yi musu wanka da fenti. Ya gaishe ni da ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Sannan ya fito da waya ya nuna mini hoto. Shahon ne, sabo fil, da kansa da jan idonsa.

Ya ce, "Baffa, na samo masu buga irin tambarin nan a waje, har sun aiko mini. Ina so in ɗauki keken Baba in sa a kankare shi gaba ɗaya, a sake fenti, a manna sababbi. Zai koma kamar ranar da ya fito daga kamfani."

Na ce, "Wa ya ce maka yana son komawa?"

Ya yi dariya, yana zaton wasa nake. Ya shiga yi mini bayani wai masu tara tsofaffin kekuna sun kasu biyu, wasu suna cewa a bar tambarin asali komai tsufansa domin shi ne darajar keken, wasu suna cewa a cire a sabunta. Ya ce shi ma da tambarin lafiya yake da ya bar shi, amma wannan an riga an lalata shi, ba shi da sauran daraja. Na bar shi ya gama. Sannan na zaunar da shi na ba shi labarin tun daga farko, da Larabar, da ruwan sama, da man gyaɗa, da kwanon tuwon kakarsa. Yana ji yana juya waya a hannu.

Ya ce, "Ai Baba ya ba ni labarin. Ya ce Kaka ne ya ɓata masa keke, kuma ya daɗe yana son gyarawa."

Na ce, "Ƙarya ne. Ko kai ka ƙara, ko shi ya yi maka. Ya fi shekarunka yana da keken nan bai gyara ba."

Duk da haka na sauko, abin da ban saba ba. Na ce ya yi fentinsa, ya manna rubutunsa, ya sa sabuwar taya, amma ya bar mini wannan wuri ɗaya, tafin hannu guda, yadda yake. Ya ce ba zai yi kyau ba, zai zama kamar riga mai faci, kuma abokan hawansa za su yi ta tambaya. Na ce su tambaya mana, sai ya gaya musu.

Ya ce, "Baffa, me zan ce musu? In ce kakana ya ga hoton tsuntsu ya tsorata? Zamanin nan ya wuce. Malaman yanzu ma hotonsu ake bugawa a manna a bayan mota."

Na dube shi, sai na ga ubansa a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce masa ya tashi ya fita mini daga zaure. Ya tashi ya fita. Bayan kwana biyu ya dawo da a-kori-kura da direba.

Ban tare ƙofa ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. A zauren nan na karanta rabon gado a gaban Malam, na san ɗa namiji yana katange ɗan'uwan mamaci, ko allura ba ni da ita a cikin abin da Yaya ya bari. Shekarun da na yi ina goge keken nan ba su mayar da shi nawa ba. Ilimin da Malam ya ba ni shi ya ɗaure mini hannu ina kallo aka fita da aikin hannunsa. Mai ɗakina ta same ni a tsaye ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, zumunci ya fi ƙarfe." Na ce mata shi za ta gaya wa, ba ni ba.

Na yi niyyar in share zancen, zuciya ta ƙi. Na tambaya aka ce mini wurin wani mai fentin motoci ya kai shi, a bayan tasha. Na sa hula na tafi, ina ratsa kwatoci da tulin leda da masu tura baro da ba sa cewa gafara. Na tarar da gangar jikin keken a rataye da waya a jikin bishiya, ba taya, ba sirdi, ba kai, an shafe ta da wani fenti toka-toka. Da ba don na san ƙirarta ba da na wuce. Na kai yatsa wurin da na saba shafawa, na ji shi sumul. Mai fentin ya taso yana goge hannu da tsumma, ya gaishe ni, ya ɗauka ciniki na kawo.

Ya ce, "Baba, tsohon ƙarfe ne mai kyau, yanzu ba a yin irinsa. Sai dai wani ɗan banza ya taɓa kankare shi da wuƙa a nan, sai da na cike wurin na goge."

Na ce, "Ɗan banzan mahaifina ne."

Ya rikice yana ba ni haƙuri, yana rantsuwa bai sani ba. Ban ga laifinsa sosai ba, aiki aka ba shi, kuma a garin nan yanzu duk abin da ya tsufa sunansa datti. Haka suka yi wa itatuwan bakin hanya, haka suka yi wa tsofaffin gidajen ma'aikata, a rushe a shafe a kafa allo mai walƙiya. Na juyo gida.

Ranar wata Asabar da hantsi ina zaune a kan benci a ƙofar gida tare da maƙwabcina, wani tsoho da ya yi karatu a wurin Malam tun yana saurayi, wanda kusan kullum a zauren nan muke hira. Sai ga ayarin masu matsattsun kaya sun shigo layinmu, yara suna binsu. Abba ne a gaba. Ya sauka, ya cire hular kwano, ya durƙusa ya gaishe mu. Keken yana sheƙi, kore shar, rubutun zinariya yana ɗaukar ido, shaho ya buɗe fukafukai da kansa a wuyansa. Abokansa suka zagaye shi suna ɗaukar hoto.

Ya ce, "Baffa, ga shi an gama. Na ce bari in fara kawo maka ka sa albarka."

Na amsa gaisuwarsa, na tambaye shi iyali. Hannuna yana kan sandata, ban ɗaga shi ba. Maƙwabcina ya matso, ya leƙa keken sama da ƙasa, ya taɓa taya.

Ya ce, "Masha Allah, sabo ka saya, yaro? To ina na babanka, wanda yake rataye a zaure?"

Abba ya buɗe baki zai yi bayani, na riga shi.

Na ce, "Wancan babu shi."

Tsohon ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Wannan ban san shi ba."

Abba ya daɗe a durƙushe yana jiran in ƙara wani abu. Da ya ga ba zan ƙara ba ya miƙe, ya mayar da hularsa, ya tura keken da hannu har ƙarshen layi kafin ya hau. Tun ranar bai sake zuwa ba, ni ma ban aika a kira shi ba.